Yara Tara da Aka Ce Ba Sa Zuwa Sujada

Cornelius mai gyaran keken ɗinki ne a Bagadaza, kuma in ka gan shi ba za ka ba shi riƙon akuya ba, balle matasan ikilisiya guda. Gajere ne, sanƙo ya kama shi tun bai kai talatin ba, in zai yi magana sai ya dubi ƙasa tukuna kamar a can ya ajiye kalmomin. Kakarsa ƙawata ce, tare muka taso a Kaltungo, don haka tun yana yawo ba wando nake kiransa mijina, shi kuma yana ce mini amarya. Na sha gaya masa cewa duk cikin jikokin da na aura irin wannan aure, shi ne mafi muni. Yakan ce ya ji, ya gode.

Ya shigo Gombe yana ɗan shekara sha bakwai, ya koyi gyara a kasuwa, ya buɗe rumfarsa kusa da layinmu. Yana da wata ɗabi'a a aiki da ke ƙular da mata. In kin kawo masa keke kin ce yana tsinke zare, ba zai taɓa sukudireba ba sai ya ce, "Zauna ki ɗinka in gani." Ki zauna kina taka keke, shi yana tsaye yana kallo kamar maye, har sai ya gane ko keken ne ke da ciwo ko ke ce.

Shugabancin matasa ya faɗo kansa ne a lokacin da masu baki suka tattara suka koma Jos da Abuja, da gari ya fara zafi saboda hare-hare. Ba ya iya dogon wa'azi, wannan kuwa alheri ne babba. In matasa sun taru ranar Laraba, minti goma ya gama. Na taɓa jin ya ce musu ɗinki zare biyu ne, na sama da kowa ke gani, da na ƙasa da ke ɓoye, in na ƙasan ya yi sako-sako rigar za ta farke ko da na saman siliki ne. Lahadi, in ji shi, zaren sama ce. Litinin zuwa Asabar su ne na ƙasa. Daga nan ya ce a tashi a yi addu'a. Na ce a raina, da fastoci za su je wurinsa koyon aiki da tuwon Lahadi bai riƙa kamu a tukunya ba.

A shekarun nan majami'armu ta koma kamar bariki. An jera durom cike da siminti a kan hanya don kada mota ta matso. An hana mu shiga da jaka, sai ki ƙulle baikonki, wato kuɗin da za ki ba coci, a bakin zani. An cire lasifikar waje don kada mu ja hankali. Aka kuma sayo sanda biyu masu kuka in sun ji ƙarfe, aka ce matasa su tsaya a ƙofa su binciki duk mai shiga. Iyaye da yawa suka ce 'ya'yansu ba za su tsaya ba, ban kuma ga laifinsu ba, domin kowa ya san in abu zai tashi a ƙofa zai tashi. Cornelius ya duba ya zaɓi waɗanda ba sa fashi, ba sa makara. Tara daga cikinsu 'yan ajin baftisma ne. Tun ƙarfe shida da rabi na safe suke tsayawa, ba sa barin wurin sai mutum na ƙarshe ya fita.

To, muna da wata doka tun ta da. Kowane ɗan ajin baftisma yana da kati. Da an gama wa'azi, kafin a sa albarka, sai ya kai wa sakataren ikilisiya ya sa hannu, shaidar cewa ya zauna ya ji. An kafa ta ne saboda yaran da ke leƙowa su gudu kallon ƙwallo. Sakatarenmu Baba Elias ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, shekara talatin da biyar yana jera fayil. Ba mugu ba ne. Amma in takarda ta ce ka mutu, ko kana tsaye a gabansa kana atishawa, sai ya yi wa matarka ta'aziyya. Yakan sa hannu a teburinsa na cikin majami'a, ya kulle durowa, ya tafi gida. Kafin 'yan ƙofa su gama aikinsu ya kai rabin hanya.

Wata goma ana haka ba wanda ya lura. A watan Janairu, shekarar zaɓe, aka karanta sunayen waɗanda za a yi wa baftisma a Ista. Aka kuma karanta sunaye tara da aka cire, da dalili: rashin zuwa sujada.

Da na fito, Lois ce ta tare ni, sandar bincike na hannunta. Yarinya ce 'yar sha tara daga Cham, tana koyon kitso, ita ke lalube mu mata kowace Lahadi.

"Kaka, an kira sunana?"

"An kira."

Ta yi tsalle, har sandar ta yi kuka a kan ɗan kunnenta.

"Tsaya, 'yar nan. An kira shi a cikin waɗanda ba sa zuwa coci."

Ta yi dariya tukuna, tana tsammanin irin tsiyata ce. Da ta ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Danny, wani kafinta mai zafin kai da ke binciken maza, ya jefar da tasa sandar a ƙasa.

"Ni? Ni ba na zuwa? Wa ya shafa cikin Baba Elias da safen nan? Aljani?"

Ya kama hanya ya tafi, Cornelius na kiransa ko waiwaye bai yi ba. Ita Lois ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Shugaba, in wani abu ya faru a ƙofar nan ni ce ta farko. Ban ƙi ba. Amma ina so in tafi da baftismata." Cornelius ya dubi ƙasa, ya duƙa ya ɗauki sandar da Danny ya jefar.

Ranar Talata dattawa suka zauna a ofishin fasto. Ni ba dattijon ikilisiya ba ce, amma tagar ofishin ba ta rufuwa, kuma ranar Talata ce Zumuntar Mata ke shara. Ƙarƙashin tagar nan bai taɓa samun tsabta irin ta ranar ba.

"Baba, yaran nan suna zuwa," in ji Cornelius.

"Ina katinsu?"

"Ga su."

"Ina sa hannu?"

"Babu."

"To, ɗana, me kake so in yi? In rubuta ƙarya a gidan Ubangiji?"

Cornelius ya ce yana da shaida a waje. Dattawa suka fito har bakin ƙofa, domin shaidar ta ce ita ba za ta shiga ba. Ya Falmata ce, mai ƙosai a tsallaken titi, wadda ta gudo daga Borno da jikokinta ta kafa kaskonta daidai gaban majami'armu. Ta zo da matsami a hannu, tana waiwayen manta kada ya ƙone.

"Ni ban san abin da kuke yi a ciki ba," in ji ta. "Amma yaran nan kafin in hura wuta suna nan, in kashe wuta suna nan. Waccan siririyar har bokitin ƙulluna ta sa na buɗe mata. Ko ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi suna tsaye. Kai kuwa, Baba, ranar ban gan ka ba."

Wani dattijo ya yi tari don ya ɓoye dariya. Baba Elias ya gyara tabarau.

"Mun gode, Ya Falmata. Ƙafata ce ta kumbura ranar. Amma katin nan ba na zuwa bakin ƙofa ba ne. Na jin Maganar Allah ne. Cornelius, gaya mini tsakaninka da Allah, yaushe rabon yaran nan da su ji wa'azi?"

Na jira mijina ya yi faɗa. Na ma ɗaga tsintsiya don in taya shi. Sai na ji ya ce, a hankali, "Wata goma, Baba. Ko waƙa ba ta kaiwa ƙofa sosai tun da aka cire lasifika. Gaskiyarka ce. Ni na zaɓe su, ni na ajiye su a waje, ban kuma taɓa tsayawa na duba ba."

Ya juya wurin fasto ya tambaya Lahadi nawa suka rage kafin Ista. Fasto ya ƙirga a yatsu ya ce goma. Cornelius ya ce in yaran suka zauna a ciki duka goman, aka sa musu hannu, za a yi musu tambayoyi tare da sauran? Fasto ya dubi dattawa, suka yi gunaguni, suka yarda.

"Ƙofa fa?" in ji Baba Elias.

"Ƙofa tawa ce."

Mutum shida ake bukata kowace Lahadi: biyu a wajen durom, biyu na binciken maza, biyu na mata. Cornelius ya rufe rumfarsa kwana huɗu, ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya shiga gida gida, daga Bagadaza har Barunde. Duk gidan da ke da keke sai ya ce ya zo ya sa masa mai. Yana kwance allura yana magana, matar gida ba ta da halin korarsa kekenta na warwatse a tabarma. Gidana ya zo ranar Juma'a, ni kuwa ba ni da keke.

"Amarya, aiki na kawo miki."

"Na ji labari. So kake bam ya ɗauke ni ka ci gado."

"Gadon me? Tukunya biyu da kaza mai ido ɗaya?"

"Kazar ta fi ka kyau. Me ya sa ba ka je wurin masu jini a jika ba?"

"Na je. Iyayensu sun ƙi. Ke ba ki da iyayen da za su ƙi."

Na ɗauki muciya, ya kauce. Sannan ya zauna a bakin ƙofata ya ce, "Kaka," sunan da ba ya kirana da shi sai magana ta yi nauyi, "shekara nawa kina jin wa'azi?"

"Sittin da wani abu."

"Ki ba Lois Lahadi goma a ciki."

Lahadi uku na farko sun tafi lafiya. Ni da ƙawata Ladi muka karɓi layin mata, wasu tsofaffin malaman makaranta biyu suka karɓi na maza, Cornelius da matarsa Edna suna wajen durom. Ba zan faɗi abin da na tarar a ƙullin zanin matan ikilisiyar nan ba, domin wasunsu na da rai. Zan dai ce akwai mai shiga sujada da tsire a takarda, akwai kuma matar dattijo mai waya biyu, ɗaya mijinta bai san da ita ba. Yara takwas suna ciki a benci na gaba. Lois ta ce mini ranar farko ta kasa zama, duk wanda ya motsa a bayanta sai ta juya tana duban hannunsa. Danny bai zo ba. Cornelius ya je shagonsa sau biyu, ya iske shi yana sassaƙar katako, ya ƙi ɗago kai.

Asabar ɗin da ta biyo baya ne maharan suka shigo gari da safe. Mun wuni ƙarƙashin gado muna jin harbi da jirgi a sama, aka sa dokar hana fita, ranar Lahadi ba wanda ya je ko'ina. Fasto ya ce wannan ba za a ƙirga ta a kan kowa ba, tunda har sakatare bai zo ba. Amma a cikin makon malaman makarantar nan suka aiko cewa 'ya'yansu sun hana su. Wasu uku da suka yi alkawarin karɓar mu suka kashe waya. Dattawa suka kira Cornelius suka ce masa wasa ya ƙare, lokacin tsofaffi a ƙofa ya wuce, a mayar da yaran, baftisma ta jira Disamba. Ya ce ya ji. A hanya na tambaye shi me zai yi.

"Na ce na ji. Ban ce zan yi ba."

"Za su tsige ka."

"Su tsige ni bayan Ista. Wa ya ba Lois tabbacin Disamba?"

Lahadin da ta biyo baya mu huɗu ne a ƙofa: shi, Edna, ni da Ladi. Ladi ta zo da kujerarta, ta ce in mutuwa ce gara ta same ta a zaune. Mutane sun cika fiye da kullum, kowa ya zo godiya da ya tsira, layin maza ya miƙe har gaban kaskon Ya Falmata, domin Cornelius shi kaɗai ke bincikensu yana kuma leƙen titi. Lois ta iso, ta ga yadda abin yake, ta miƙa hannu.

"Shugaba, ba ni sandar. Yau kawai."

"Shiga ciki."

"Ku huɗu ne fa, biyu ma..." ta dube ni.

"Ƙarasa mana," na ce. "Biyu ma me?"

"Lois," in ji Cornelius, "ina katinki?"

"Ga shi."

"To shiga da shi. Sauran ma su bi ki. Wanda ya leƙo waje na gan shi, ni da shi ne."

Suka shiga. Ana cikin haka layi ya kawo Baba Elias, gumi ya jiƙa masa babbar riga, ransa a ɓace.

"Wannan wane irin taurin kai ne? Ba mun ba ka umarni ba?"

"Baba, ɗaga hannu."

Ya ɗaga, yana ta faɗa, sanda na bin hammatarsa. Da aka gama Cornelius bai matsa masa ya wuce ba.

"Baba, mutum ɗaya nake nema a wajen durom. Edna ba za ta iya ita kaɗai ba. Ba abin da za ka yi sai kallon titi."

"Ni? Wa zai sa hannu a kati?"

"Su kawo maka nan in an tashi."

Mutanen layi duk suna kallo. Baba Elias ya dubi layin, ya dubi ni da Ladi. Na ce, "Je ka ciki abinka, Elias, mu mata za mu tsare ka." Da hannuna na yi masa wanka yana jariri a Kaltungo, ya san zan iya faɗin haka a gaban jama'a. Ya tattara rigarsa ya nufi durom.

Wajen tsakiyar sujada wata tsohuwar mota da ba mu sani ba ta zo ta mutu daidai gaban durom. Direban ya yi ta murza makulli, ta ƙi tashi. Ya Falmata ta ja jikokinta ta yi bayan katanga. Ladi ta fara addu'a da yaren Tangale, abin da ba ta yi sai ta ga mutuwa. Cornelius ya ba Edna sandarsa, ya taka har wurin motar, ya yi wa mutumin sallama, ya ce ya buɗe gaba da baya. Buhunan albasa ne daga Kwadon, kan batir ne ya kwance. Ya zaro sukudireba daga aljihu ya ɗaure, suka tura, mota ta tafi. Ya dawo ya karɓi sandarsa wurin Edna.

Baba Elias bai gudu ba, wannan zan faɗa masa ko a gaban kowa. Ya riƙe bakin durom da hannu biyu har motar ta ɓace. Da aka tashi yaran suka fito suka jera masa kati a kan durom ɗin, ya sa hannu ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi Lois a kan me aka yi wa'azi, ta gaya masa. Ya ce, "Ashe daga nan ba a jin komai."

"Haka ne, Baba," in ji Cornelius.

Ba a tsige shi ba. A zaman dattawa na gaba Baba Elias da kansa ya kawo takarda mai layi-layi, ya raba tsaron ƙofa a kan kowace ƙungiya ta ikilisiya, har da dattawa, kada kowa ya yi Lahadi biyu a jere a waje. Ya sa sunansa a farko. Dokar kati kuwa ko wasali bai yarda an taɓa mata ba.

Ranar Asabar kafin Ista aka sayi ruwan tanka aka cika kwarmin da ke bayan majami'a. Duka takwas sun ci tambayoyinsu, aka yi musu baftisma tare da sauran. Ni na riƙe wa Lois zani da ta fito daga ruwa, tana kuka tana dariya, haƙoranta na kaɗawa. Cornelius bai gani ba, yana ƙofa, domin wanda ke da aikin ranar ya makara. Ta je ta same shi da jiƙaƙƙen kai, ta durƙusa ta ce, "Shugaba, an yi." Ya ce, "Madalla. Je ki canja kaya kada mura ta kama ki."

Na ce masa takwas cikin tara ai ya yi ƙoƙari, ya huta haka. Ya ce tara aka cire.

Ranar Litinin ya karɓi sabon kati wurin Baba Elias, ya rubuta sunan Danny, ya tafi shagon kafinta. Danny ya bar shi a tsaye awa guda yana buga ƙusa. Litinin ta gaba ya koma, da wadda ta biyo ta. A ta huɗu Danny ya ce masa shi ya gama da mutanen da ba su san fuskar mai tsaronsu ba. Cornelius ya ce ya ji, laifin nasa ne, ya ajiye katin a kan benci ya riƙe masa katako ya gama yanka. Da zai tafi ya ga yaron ya ɗauki katin ya kaɗe masa garin katako, ya sa a cikin akwatin ƙusoshi. Bai ce zai zo ba, Cornelius kuma bai tambaye shi ba. Ya dai gaya masa cewa Litinin mai zuwa zai shigo da wuri, domin yana da keke uku da ke jiransa a rumfa.